Kifin Zinariya Ya Warke, Ciwo Ya Sake Dawowa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kifin Ado a Jos

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu ajiye kifin zinariya a falo, tun daga Bukuru har Unguwar Rogo. Kukan kusan ɗaya ne: kifi ya kamu, an zuba magani, ya murmure, bayan 'yan makonni ciwo ya dawo sabo. An sa wa tambayoyin lamba domin sauƙin komawa daga wata zuwa wata.

1. Me ya sa kifina yake warkewa, sai kuma ciwon ya dawo?

Galibi ruwan ne ba shi da lafiya, kifin kuwa a jikinsa abin yake bayyana. Bakteriya da fumfunar da ke cin wutsiya da fata suna nan a kusan kowane tanki, har wanda kifayensa suke garau. Abin da ke tsare kifi daga gare su shi ne yauƙin da ya lulluɓe jikinsa da kuma ƙarfin garkuwarsa. Da zarar ruwa ya ƙazantu, ko zafinsa ya riƙa hawa da sauka, garkuwar sai ta yi rauni, cuta ta samu kafa. Magani zai kwantar da ita na ɗan lokaci, amma musabbabin yana nan daram. Kamar mutumin da ke kwana a rufaffen ɗaki da murhun gawayi lokacin hunturu ne, kullum ana ba shi maganin tari, ba wanda ya buɗe taga.

Bayan ruwa, abubuwa uku ne suka fi dawo da ciwo: katse magani tun cutar ba ta mutu ba (tambaya ta 7), jefa sabon kifi cikin tanki ba tare da killacewa ba (ta 11), da yin maganin cutar da ba ita ce ke damun kifin ba (ta 6).

2. Ruwan tankina fes yake, ta yaya za a ce ba shi da kyau?

Gubar da ke kashe kifi ba ta da launi. Kifin zinariya akwai ci, akwai kashi, kuma yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa dare da rana. Ragowar abincin da ya ruɓe cikin tsakuwa shi ma amoniya yake komawa. A tankin da ya zauna da gindinsa, akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta (na'urar da ke tace ruwan tanki) da jikin tsakuwa. Su ne ke mayar da amoniya ta koma naitrait, wanda shi ma guba ne mai hana jini ɗaukar iska, sannan wasu su mayar da naitrait ya koma naitret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai taru da yawa ba. Waɗannan bakteriya sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Shi ya sa mutuwar kifi ta fi yawa a watan farko.

Ido ba ya ganin wannan, sai kayan gwajin ruwa, ko na ɗiga sinadari a 'yar kwalba ko na takardar da ake tsomawa. Abin da ake so shi ne amoniya 0, naitrait 0, naitret ƙasa da miligiram 40 a lita. A ganina, kuɗin da mutum zai kashe kan kwalbar magani ta uku gara ya sayi kayan gwajin nan da su.

3. Ƙaramin kwanon gilashi aka sayar mini da shi. Bai isa ba ne?

Bai isa ba ko kusa. Wannan kifi dangin wani kifi ne da ake kira carp da Turanci, a ƙasar Sin aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Mai siririn jiki da wutsiya ɗaya yakan kai tsawon santimita 25 ko fiye, shi kam kududdufi ne wurinsa. Masu ƙundumin ciki da wutsiya biyu su suka fi dacewa da falo, kuma ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce lita 75 ga kifi na farko, a ƙara kamar lita 40 ga kowane ƙarin kifi.

Domin sanin abin da tankinka ke ɗauka, auna tsawo da faɗi da zurfin ruwa da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, wato ko kifi ɗaya a takure yake. Riƙe wannan lissafi, domin da shi za ka auna gishiri da magani (ta 8).

4. Wane ruwa ya fi: na famfo, na rijiya, ko na 'yan garuwa?

Kowanne yana yi idan an san halinsa. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi, ya kuma kashe bakteriyar filta. Mafi aminci shi ne a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu sayar da kayan kifi ke da shi. Idan babu, a bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu, zai fi kyau da injin iska a ciki, wato ƙaramin injin da ke hura iska cikin ruwa. Ruwan bohol da na rijiya ba su da kulorin, amma sukan fito da ƙarancin iska, don haka su ma a bar su su kwana. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki, a gwada ta tukuna, domin tana iya zuwa da naitret nata tun daga ƙasa.

Matsalar ruwan 'yan garuwa ita ce yau daga nan, gobe daga can, kifi kuwa ba ya son sauyi. Sannan sai ka tabbatar jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba. Ruwan sama zalla da aka tara daga kwanon rufi ba shi da sinadaran da ke daidaita tsamin ruwa, kuma na farkon damina ƙura ce da tsatsa.

5. Duk mako ina fitar da kifin in wanke tankin tas. Me kuma ya rage?

Wannan wankin shi ne ciwon. Na fi tausayin mai wannan tambaya, domin ƙoƙarinsa ne ke cutar da kifinsa bai sani ba. Duk ranar da aka kwashe ruwa gaba ɗaya, aka dirje tsakuwa, aka wanke soson filta a bakin famfo, an kashe bakteriyar da aka yi bayani a tambaya ta 2, tanki ya koma sabo fil. Bayan kwana uku amoniya ta hau, bayan kwana goma wutsiya ta fara zagwanyewa. Idan har da omo ko sabulu aka haɗa, to abin ya zama biyu.

Ga yadda ake yi. A bar kifin a inda yake. A sa tiyo a zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan sau ɗaya a mako, ana cusa bakin tiyon cikin tsakuwa, za ka ga baƙin datti yana tasowa yana bin tiyon zuwa bokiti. A cikin wannan tsohon ruwan na bokiti za a matse soson filta sau biyu ko uku, a mayar da shi da sauran launin ƙasa-ƙasa a jikinsa. Sabon ruwan da za a zuba ya kasance zafinsa ɗaya da na tanki, a zuba a hankali. Bokiti da tiyo da raga su zama na kifi kaɗai, a gaya wa yaran gida da mai aiki kada a ɗauka a yi wanki da su.

Wani abu kuma: lokacin hunturu ruwa yana saurin ƙafewa. Cike gurbin wanda ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa ne ya tafi, datti yana nan.

6. Ta yaya zan gane irin ciwon da ke damunsa?

Zauna gaban tankin minti biyar kafin ka ba da abinci, ka duba da kyau. Ɗige-ɗige farare kamar an barbaɗa gishiri a jiki da wutsiya, kifin yana goga jikinsa a tsakuwa, wannan cutar farin ɗigo ce (ta 7). Wutsiya ta yage, bakinta ya yi fari ko ja, tana raguwa, bakteriya ce, kuma kusan kullum ruwa ne silarta. Farin abu mai gashi-gashi a kan rauni fumfuna ce. Kifin da ke goga jiki, yana numfashi da sauri, ya matse fiffikensa, amma ba ka ga komai a fatarsa ba, ana zargin wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu maƙalewa a fata da wurin numfashi. Maganinsu firazikwantel ne, kuma sai an maimaita bayan mako guda, domin na wurin numfashi ƙwai suke yi, maganin kuwa ba ya kashe ƙwai. Wannan ma babban dalili ne na ciwon da ke tafiya ya dawo.

Abubuwa biyu suna ruɗa mutane. Namijin da ya balaga yakan fitar da ƙananan ƙuraje farare a jere a kan murfin gefen kansa da fiffiken gaba, alamar lokacin barbara ce, ba cuta ba. Baƙaƙen tabo a jikin jan kifi kuwa sau da yawa ƙunar amoniya ce ke warkewa. Wanda ya fi muni shi ne kifin da cikinsa ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye idan ka leƙo shi ta sama. Wannan alama ce ta ƙoda ta gaza, kuma da wuya ya tashi (ta 15).

7. Farin ɗigo ya ɓace bayan kwana uku da magani, yanzu ya dawo fiye da da. Maganin jabu ne?

Mai yiwuwa maganin lafiyarsa ƙalau, da wuri aka daina. Ƙwayar da ke kawo wannan cuta mataki uku take bi. Tana cikin fatar kifi tana ci, a nan ne kake ganin ɗigon, kuma magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta da kwanso a cikin tsakuwa, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, nan ma magani ba ya taɓa ta. Sai 'ya'yan sun fashe sun fito neman kifi ne kaɗai magani ke kashe su. Saboda haka ranar da ɗigon ya ɓace daga jikin kifi, cutar tana ƙasa ne tana hayayyafa.

A nan yanayin Jos yake shigowa. A ruwa mai zafin digiri 25, zagayen yakan kammala cikin ƙasa da mako guda. A ruwa mai sanyi irin na Disamba da Janairu, yana iya jan makonni. Umarnin da ke jikin kwalba na kwana uku ko biyar da ruwa mai ɗumi aka yi lissafinsa. Don haka a ci gaba da magani aƙalla mako guda bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace, idan da sanyi a kai mako biyu. Mai hita zai iya ɗaga zafin ruwan sannu a hankali, digiri ɗaya a rana, zuwa 25 ko 26, tare da ƙara iska. A cire gawayin filta kafin a zuba magani, domin shanye shi yake yi, a kuma riƙa zuƙe tsakuwa duk bayan kwana biyu. Tankin gaba ɗaya ake yi wa magani, ba kifin da ya nuna alama kaɗai ba.

8. An ce gishiri yana magani. Nawa ake sawa?

Yana yi, kuma kifin zinariya yana jure shi sosai. Yana taimakawa kan farin ɗigo da ƙananan raunuka, yana kuma rage illar naitrait. Ma'aunin jinya giram 1 zuwa 3 ne a kowace lita. Ana farawa da giram 1, bayan awa 12 a ƙara 1, bayan wasu 12 a cika na uku. Tanki mai lita 50 ke nan zai ci giram 150 a zubi uku. A narka shi a kofi tukuna. Gishirin girki tsantsa ya wadatar, ban da wanda aka haɗa da kayan ɗanɗano, kuma kada a kusanci kanwa, domin tana sauya ruwa ta yadda amoniya ke ƙara dafi.

Gishiri ba ya ƙafewa tare da ruwa. Idan ka canza lita 15, gishirin lita 15 kaɗai za ka mayar. Bayan mako biyu a bar shi ya fita ta canjin ruwa. Yawancin shuke-shuken ruwa ba sa son sa.

9. Sanyin Jos yana cutar da kifin?

Sanyi kansa ba ya cutar da shi. Kifin ruwan sanyi ne, ya fi walwala tsakanin digiri 18 da 23, kuma a nan Filato, a shekarun 1950 aka kafa gonar kifi a Panyam inda aka yi kiwon danginsa. Mai kiwo a Jos ya fi na Abuja sa'a. Abin da ke jawo ciwo shi ne sauyi na gaggawa: tanki a bakin taga, rana ta gasa shi da azahar, dare ya yi iska ta sauko kusa da digiri 10. Ƙaramin tanki ya fi saurin bin wannan sauyi. A matsar da shi daga taga da ƙofa, a manna masa ma'aunin zafi, kuma idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 15 a rage abinci, domin narkewarsa tana jinkiri.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka ruwa a nan yana riƙe iskar numfashi ƙasa da na bakin teku da kusan kashi 13 cikin 100. Injin iska ba ado ba ne. Na Abuja kuwa, inda zafin Maris ke haura digiri 35, ya buɗe murfin tanki, ya sa fanka ta riƙa bugun saman ruwa, kada ya jefa ƙanƙara kai tsaye.

10. Idan aka ɗauke wuta fa?

Bakteriyar filta da iska suke rayuwa. Idan filta ta tsaya awanni da yawa sukan fara mutuwa, musamman a filta mai rufaffen gwangwani, kuma da wuta ta dawo sai ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Mutane da yawa ba sa haɗa ciwon wannan mako da rashin wutar makon jiya, alhali nan ne tushen. Ƙaramin injin iska mai batir, ko mai aiki da fawa bank irin na cajin waya, haɗe da filtar soso, ya fi kowace dabara sauƙi. Mai sola ko inbata ya ɗora filta a kai, ba ta cin wuta. Idan babu ko ɗaya, a ciro soson a saka shi cikin tankin, a riƙa ɗibar ruwa da kofi ana tsiyayo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo.

11. Na sayo sabon kifi, bayan mako guda duk suka kamu. Yaya zan kauce wa haka?

Killacewa. Sabon kifi ya sha doguwar tafiya a leda, ya zauna da ɗaruruwan wasu a wurin mai sayarwa, kuma yana iya ɗauke da cuta ba tare da alama ba. A ajiye shi shi kaɗai mako 4 a wani mazubi, ko da sabuwar robar wanka ce mai faɗi da injin iska, da ragarsa daban. Ruwan ledar da ya zo a ciki kada ya shiga tankinka. Idan a wurin saye ka ga mataccen kifi ko mai ɗigo a tankin da za a kamo maka, haƙura ka dawo wani lokaci.

12. Kifina yana kifewa, ko ya taso sama ya kasa nutsewa. Mene ne wannan?

Matsalar jakar iskar da ke daidaita shi a ruwa ce, kuma ta fi kama masu ƙundumin ciki, domin kayan cikinsu a cunkushe suke. Sau da yawa abinci ne. Wannan kifi ba shi da tumbi na sosai, hanji ne dogo, kuma ba ya nuna ya ƙoshi. A gidan da uba zai watsa masa abinci, uwa ta watsa, yara su watsa da sun dawo makaranta, ciwon ba zai ƙare ba. A ɗora wa mutum ɗaya aikin: sau ɗaya ko biyu a rana, abin da zai cinye cikin minti biyu, a jiƙa shi kafin a zuba. Burodi da biskit da tuwo ba abincinsa ba ne, abincin tarwaɗa kuma ya yi masa nauyi.

Idan ya kife, a hana shi abinci kwana 2 zuwa 3, sannan a dafa koren waken nan mai zagaye da ake sawa a soyayyar shinkafa, ana samun ɗanyensa a kasuwar Farin Gada, a ɓare fatar, a murƙushe masa ƙwaya ɗaya ko biyu. A gwada naitret ma. Wanda aka haife shi da nakasa a jakar yakan riƙa yi yana dainawa, sai dai lallaɓawa.

13. Zan iya fasa kafso in zuba, kamar yadda wasu masu tarwaɗa ke yi?

Kada ka yi. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa farin ɗigo ko tsutsa, amma yana iya kashe bakteriyar filta, amoniya ta hau, ciwo ya ƙaru. Zuba shi da ka kuma yana koya wa cuta jure magani. Shuɗin maganin nan da ke rina ruwa shi ma yana kashe bakteriyar filta, don haka a mazubin killacewa ake amfani da shi. Kada a haɗa magani biyu lokaci guda. Tarwaɗa tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ruwan da zai kwantar da kifin zinariya, dabarun kiwonsu ba ɗaya ba ne.

14. Fesa maganin sauro a falo yana shafar su?

Ƙwarai. Magungunan kashe ƙwari guba ne mai ƙarfi ga kifi, ko na gwangwani ko fiya-fiya, kuma injin iska yana zuƙo iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Kafin fesawa a kashe injin, a rufe tankin ruf da leda ko jiƙaƙƙen tawul, sai an buɗe tagogi warin ya fita a kunna. Kaskon turaren wuta a nisanta shi da tanki. Lokacin hunturu kuma kowa hannunsa da man shafawa, a wanke da ruwa zalla kafin a tsoma.

15. Yaushe zan nemi likita, kuma me zan yi idan kifin ya mutu?

Idan gwaji ya nuna ruwa lafiya, an yi magani yadda ya kamata, amma ga gyambo a jiki, ko kifaye suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, lokacin likitan dabbobi ya yi. Jos ba ta rasa masana ba: ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda ke nan tun 1924, ga kuma tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos. Tambayi wanda ya saba da kifi. Da ɗan yauƙin da aka kankaro daga fata aka duba a madubin likita, ana iya raba gardama tsakanin tsutsa da farin ɗigo cikin mintuna. Tafi da ruwan tankin a kwalba daban, da hoton bidiyon yadda kifin ke iyo, da kwalaben duk magungunan da ka zuba. Mai rauni a hannu ya sa safar roba kafin ya taɓa ruwan, domin akwai bakteriyar kifi da ke haddasa ƙurji mai wuyar warkewa a fatar mutum.

Kifin da ya kumbura, ya daina ci, ya kwanta a gefe, bai kamata a bar shi yana wahala ba. Likita zai nuna maka yadda ake amfani da man kanumfari a sa shi barci har ya cika. Mataccen kifi a cire shi nan take a binne, kada a jefa shi ko mai rai a kwata ko rafi ko dam. Idan duka suka mutu, a wanke tankin da tsakuwa da raga da ruwan bilic, kashi 1 cikin 10 na ruwa, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, a sa sabon soso. Daga nan tankin sabo ne, sai a koma tambaya ta 2, a fara da kifi ɗaya, ana gwada ruwa duk bayan kwana biyu har amoniya da naitrait su tsaya a 0.